Ruwa Ake Fara Dubawa Kafin Fure

Jiya muna wanke shebur ka ce, "Maigida, tunda zafi sai ƙaruwa yake yi, me zai hana mu cika wa mutane gidaje da tsirrai masu jure fari mu huta?" Gajiya ce ta hana ni amsa maka. To saurara, ɗana.

Rabin maganar ka kama. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa sai ruwa ya ɗauke ya daɗe, ran da zai zo kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya. Tsiron da ke jure ƙishirwa, irin su aloe vera, yawanci ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Ina sabon hannu na taɓa jera su a wani gida, a gefen da ƙasar ta yi kwari. Rani bai yi musu komai ba. Ruwa uku aka yi, na ja ɗaya ya biyo hannuna, gindin ya yi baƙi yana wari.

Don haka kafin ka zaɓi ko fure ɗaya, ka je gidan ana ruwa. Ka ga inda indararo ke zubarwa, inda ruwan ke gudu da inda yake kwanciya. Lissafin ba wuya: milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, lita 2,000 ya zubo maka kyauta. Amma sai mai gida ya ce a shafe ko'ina da siminti a kore ruwan waje, da rani kuma ya yini riƙe da tiyo. Ni dai ban taɓa gane hikimar wannan ba, ga simintin yana riƙe zafi har dare.

Abin da muke yi shi ne kwari mai faɗi marar zurfi, kamar santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 3 daga harsashin gini, mu karkato ruwan rufi cikinsa. Amma ka gwada ƙasar tukuna. Haƙa rami santimita 30, ka cika shi da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa. In kwana biyu suka wuce da sauran ruwa, laka ce, ka canja wuri. Kwarin da ke tsanewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba ya tara sauro, don ƙwansa na bukatar kusan mako kafin ya tashi.

Daga nan kowane tsiro ya san gidansa. Masu son danshi a cikin kwarin, masu jure farin nan naka a kan tudu. Kada ka haɗa su layin ban-ruwa ɗaya, dole ɗaya ya cutu. Bishiyar inuwa ta tsaya yamma da ɗaki, ta tare ranar la'asar. Kar kuma ka shuka iri ɗaya tak, cuta ɗaya sai ta share maka gida.

Ka rufe ƙasa da busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kar ya taɓa jikin bishiya. Na ga yadda ka tula shi a gindin lemon can shekaranjiya. Gobe da shi za ka fara, ka ja shi baya kamar tafin hannu, sannan ka ɗauko diga mu gwada ƙasar bayan gida.