Ina Ake Kai Ƙarar Likita?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa yayata tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi, daga baya wurin ɗinkin ya yi ruwa, sai da aka sake yi mata aiki a asibitin gwamnati. Yanzu wasu na cewa wanda ya yi tiyatar ba cikakken likita ba ne. Wace hukuma ce ke sa ido kan likitoci, kuma ta yaya za mu kai kuka?
Wata mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ta lafiya. Hukumar da kike nema ita ce Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, wadda aka kafa da dokar 1963, kuma hedkwatarta tana Abuja. Ita ce ke tantance makarantun koyon likitanci, take riƙe da kundin sunayen waɗanda aka yarda su duba marasa lafiya. Wanda ya gama karatu rajistar wucin gadi ake fara ba shi, sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin ya samu cikakkiyar rajista, sannan kowace shekara dole ya sabunta lasisinsa. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje kuwa, galibi sai ya ci jarrabawar majalisar tukuna.

Abin da za ku fara bincikawa shi ne ko sunan mutumin yana cikin kundin, domin a nan hanya ta rabu biyu. Idan babu sunansa, likitan bogi ne, laifinsa na 'yan sanda da kotu ne, kuma sai a sanar da ma'aikatar lafiya ta jiha, tunda jihohi ne ke ba asibitocin kuɗi izinin buɗewa.

Idan kuwa yana da rajista, za ku rubuta koke cikin takardar rantsuwa ta kotu, ku bayyana abin da ya faru daki-daki da ranakunsa, ku haɗa da katin asibiti, rasit, sakamakon gwaji da rahoton asibitin da ya sake aikin. Ku adana waɗannan takardu tun yanzu, domin koke da yawa rashinsu ne ke kashe shi. Kwamitin bincike zai nemi likitan ya kare kansa, kuma idan ya ga akwai ƙamshin gaskiya sai ya miƙa batun ga kotun ladabtarwa ta majalisar, wadda ke iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi har wata 6, ko ta soke sunansa gaba ɗaya. Yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Sai dai ki sani, ba kowace matsala bayan tiyata ce sakaci ba. Ɗinki na iya yin ruwa ko da an yi aiki yadda ya kamata, shi ya sa likitoci ne ke duba fayil ɗin. Haka kuma majalisar ba ta yanke diyya, wannan sai babbar kotu ta hannun lauya. Idan kuma aka gano ma'aikaciyar jinya ce ko ungozoma ta yi kuskuren, to majalisarsu daban ce, wadda aka kafa a 1979, can za a kai koken.