Hukuncin Hutar da Kifin Ado da Ya Ji Mummunan Rauni, da Abin da Ya Dace a Ciyar da Aksolotil

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina kiwon kifayen ado a tankin gilashi, ina kuma da wata dabbar ruwa da ake kira aksolotil a nata tankin daban. Kwanan nan tankin kifayen ya fara yoyo, sai na sa wani ƙaramin kifin gwal a wajen aksolotil ɗin don ya kwana. Da gari ya waye na tarar ya zuƙe shi ya tofar, gadon bayansa ya karye, gefen cikinsa ya yage. Yau kwana uku ke nan yana kwance a ƙasan ruwa, ba ya ci, numfashi kawai yake yi. Wasu sun ce in zuba shi a masai, wasu sun ce in sa shi a firiza, wasu kuma sun ce in mayar wa aksolotil ɗin ya ƙarasa shi. Zuciyata ta kasa natsuwa da ko ɗaya. Shin ya halatta in kashe shi don ya huta? In ya mutu zan iya ba aksolotil ɗin? Kuma mene ne hukuncin ba aksolotil ɗin tanar ƙasa mai rai ya ci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama.

'Yar'uwa, wannan rashin natsuwa da kika ji a zuciyarki alheri ne, Allah ya ƙara miki tausayi. Kiwon kifi da makamantansa don sha'awa halal ne. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) kuma ya sani bai hana ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Amma halaccin yana tafe da sharaɗi mai nauyi, wanda hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya bayyana: wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kifin da ke kogi Allah ya hore masa hanyar gudu da hanyar neman abinci. Wanda ke cikin gilashi kuwa ke ce kika toshe masa waɗannan hanyoyi, don haka cinsa da lafiyarsa, har da yadda zai mutu, duk sun rataya a wuyanki.

Kuskuren haɗa su da kika yi babu zunubi a kansa, tunda ceto kika nufa. Allah ya koya mana a ƙarshen Suratul Baƙara mu roƙe shi kada ya kama mu idan mun manta ko mun yi kuskure, kuma ya amsa.

Game da kashe dabba don a hutar da ita, malamai sun yi saɓani. Malaman Malikiyya sun halatta. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya ambaci halaccin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, Shehu Dardir kuma a sharhinsa ya ce abin so ne ma, don a hutar da ita. Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana yanka dabbar da ba a ci saboda hutarwa kawai. Sai dai wannan saɓanin bai kai ga mas'alarki ba, domin kifi yana cikin abin da aka halatta kashewa tun asali, mushensa ma halal ne kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Imam Nawawi, wanda Bashafi'e ne, ya ce babban kifin da zai daɗe bai mutu ba an so a yanka shi don a hutar da shi. Idan an so haka ga kifin da za a ci, to wanda ya kwana uku rai kwakwai mutu kwakwai ya fi cancanta.

Abin da na rinjayar shi ne ya halatta ki kashe shi, kuma ina fatan za ki samu lada. Amma ki lura da sharaɗin da Khalil ya gindaya: sai an ɗebe tsammani. Ina jaddada wannan domin mutane da yawa suna gaggawa. Wutsiya ko fiffiken kifi idan ya yage yakan sake tsirowa. Kifin da ya kife yana yawo a karkace saboda matsalar jakar iskar da ke cikinsa, sau da yawa yakan warke idan an gyara ruwa da abinci. Irin waɗannan haƙƙinsu jinya ce: a ware su a ruwa mai tsabta, a nemi likitan dabbobi in da hali. Wanda ya kashe kifi don ya gaji da shi, ko don launinsa ya dushe, ya yi ɓarna, kuma wannan fatawa ba ta shafe shi ba. Naki kuwa, karyewar gadon baya da yagewar ciki da kwana uku babu ci, alamu ne da suka isa a ce an ɗebe tsammani.

Saura yadda za a yi, kuma nan ne nauyin ya fi yawa. Shaddad ɗan Aus ya ruwaito daga Annabi (SAW), a cikin Sahihu Muslim: "Lallai Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu. Idan za ku yi kisa ku kyautata kisan, idan za ku yi yanka ku kyautata yankan. Ɗayanku ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa." Kalmar "kowane abu" ba ta bar kifi a baya ba. Shirun da kifi yake yi shi ke ruɗin mutane su ɗauka ba ya jin komai. A shekarar 2003 masaniyar kimiyya Lynne Sneddon da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya nuna akwai jijiyoyin jin ciwo a fuska da kan kifi, kuma halinsa yana canzawa idan an cutar da shi. Tun ƙarnoni kafin haka an tambayi Imam Ahmad game da jefa kifi mai rai a wuta, ya ce abin ba ya burge shi.

Da wannan ma'aunin, shawarwarin da aka ba ki duk ba su dace ba. Zubawa a masai ba ya kashe kifi nan take. Zai tafi da ransa cikin ƙazanta da sinadaran wanki ya mutu a hankali, ƙari a kan haka yana iya kai cuta ga ruwan da wasu halittu ke rayuwa a ciki. Firiza kuma ta fi muni ga kifin gwal, domin kifi ne mai jure sanyi, zai daɗe da ransa yayin da jikinsa ke daskarewa. Haka ruwan zafi, haka tsame shi a bar shi a sarari har numfashi ya ƙare. Wanda ya san akwai hanya mai sauƙi ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ya saɓa wa hadisin.

Mafi kyau shi ne likitan dabbobi ya yi, domin suna da maganin sa barci na musamman don kifi. In babu hali, hanyar da masana suka yarda a yi a gida ita ce man kanumfari, wanda sinadarin da ke cikinsa yake sa kifi barci, in ya yi yawa ya tsayar da numfashinsa. Ki ɗebi ruwa daga tankin da yake ciki ki zuba a ƙaramin mazubi, ki sa shi a hankali. Ga kowace lita ɗaya ana buƙatar kimanin mililita 0.4 na man, wato wajen ɗigo 8. Mai ba ya haɗuwa da ruwa da kansa, don haka ki fara zuba shi a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa mai ɗumi, ki girgiza har ya yi fari kamar madara. Sannan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin kamar minti 5. Kada ki juye gaba ɗaya, domin hakan yana firgita shi. Zai kwanta, marfin numfashin da ke gefen kansa zai rage motsi har ya tsaya. Daga nan ki bar shi a ciki minti 30, saboda kifin da aka cire da wuri yana iya farfaɗowa, wahala ta dawo sabuwa. Akwai kuma duka ɗaya mai ƙarfi a ka wanda za a bi da soke ƙwaƙwalwa nan take. Wannan ta fi sauri, amma ta wanda hannunsa ya saba ce, mai rawar hannu kada ya gwada. Ki yi Bismillah, ki yi niyyar jinƙai. Gawar kuma a binne ta da ɗan zurfi ko a naɗe ta sosai a jefar inda wata dabba ba za ta ci ba.

Mayar da shi ga aksolotil da ransa bai halatta ba, domin ƙara masa azaba ne ba tare da wata larura ba. Bayan ya mutu kuwa, ta fuskar fiƙihu babu laifi a ciyar da dabba mataccen kifi. Abin da ya hana a nan shi ne cutarwa. Man kanumfarin da ya shiga jikin kifin zai shiga cikin aksolotil, wanda jikinsa ba ya jure sinadarai, sannan kifin da ya kwana uku da buɗaɗɗen rauni matattarar ƙwayoyin cuta ne. Ko lafiyayyen kifin gwal ma ba abincinsa ba ne, domin yana ɗauke da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya yawaita cinsa.

Wannan halitta, wato aksolotil, abin a tsaya a yi tunani ce. Asalinta tafkin Shocimilko ne a birnin Meziko, kuma a can ta kusa ƙarewa, alhali tana da yawa a gidaje da ɗakunan bincike a duniya. 'Yar'uwar kwaɗo ce ta fuskar jinsi, amma takan rayu har ta tsufa a cikin ruwa da gaɓoɓin numfashinta a waje kamar gashin tsuntsu, in ƙafarta ta gutsure kuma Allah ya sake tsirar mata da wata. Tana iya kai shekara 10 zuwa 15, don haka amana ce mai tsawo.

Ganinta ba shi da ƙarfi, kuma ba ta tauna abinci. Buɗe baki take yi ta zuƙe duk abin da ya motsa a gabanta, abin da ya faru da kifinki ke nan, babu mugunta a ciki. Saboda wannan zuƙar ne tsakuwa take da haɗari a tankinta, domin takan haɗiye ta ta toshe mata hanji. A bar ƙasan tankin haka nan, ko a sa yashi mai laushi sosai idan ta girma. Kada kuma a haɗa ta da kifi: ƙanana za ta haɗiye su, masu ƙaya su maƙale mata a wuya, wasu kuma su riƙa tsinkar gaɓoɓin numfashinta.

Abincinta na asali tana ce, sai ƙwayoyin abinci masu nutsewa da aka yi don masu cin nama na ruwa. Ƙarama tana ci kullum, babba kuwa sau 2 ko 3 a mako ya ishe ta. A yanka tanar daidai bakinta in ta yi tsawo, a miƙa mata da hantsaki marar kaifi, abin da ta rage a kwashe kafin ya ɓata ruwa. Tanar da aka tono daga ƙasar da aka yi wa feshin magani guba ce gare ta. Ruwanta kuma yana son sanyi, tsakanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 24 takan daina ci ta kamu da ciwo. In ta ƙi abinci, ki fara duba zafin ruwa da tsabtarsa kafin ki canza mata abinci.

Ba ta tanar ƙasa mai rai ta ci ya halatta, domin buƙata ce ta gaskiya, kuma ciyar da abin da kika tsare wajibi ne a kanki. Abin da shari'a ta hana shi ne mayar da mai rai abin wasa, kamar yadda Ibn Abbas ya ruwaito hanin mayar da duk abin da ke da rai abin gwada harbi. Wanda ke jefa kifi mai rai don ya ɗauki hoton yadda za a cafke shi ya shiga ƙarƙashin ma'anar wannan hani. Ke kuwa da ke miƙa tana don cika cikin abin da ke hannunki, kina cikin faɗin Annabi (SAW) cewa akwai lada a kan kowace ɗanyar hanta, wato kowane mai rai.

Idan wata rana aksolotil ɗin ne ya kai wannan hali, kada ki yi masa ƙiyasi da kifi ki gwada a gida. Jikinsa daban ne, yana numfashi ta fata da huhu ma, kuma yana warkewa daga raunin da kifi ba zai tashi ba. Wannan sai likitan dabbobi.

Wallahu a'alam.