Wa ya haƙa ramukan da ke tsakiyar gonakin Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Norwich, kuma duk lokacin da na shiga ƙauyukan Norfolk, lardin da birnin yake a gabashin Ingila, sai in riƙa ganin ramuka a tsakiyar gonaki, itatuwa sun yi musu ƙawanya, wasu da ruwa wasu a bushe. Wata abokiyar karatuna ta ce tabon bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ne. Haka ne kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai ramukan bom a Ingila, amma ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da waɗanda manoma suka haƙa da hannunsu. Galibin abin da kike gani ya girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba.

Idan kin san kududdufan cikin birnin Kano, to kin riga kin gane rabin zancen. Can an ɗebi ƙasa an gina gidaje, rami ya saura, damina ta cika shi. A Ingila ma haka abin yake. Kafin zuwan jirgin ƙasa, dakon kaya mai nauyi a amalanken doki kan ci kuɗi fiye da kayan kansa, saboda haka kowane ƙauye yakan nemi dutse, tsakuwa, yashi ko yumɓu a ƙarƙashin ƙafarsa.

Na tsakiyar gona, irin naki, yawanci ramukan wata ƙasa ce da suke kira marl, yumɓu mai haɗe da alli. Ƙasar sama a sassa da dama na Norfolk jigawa ce mai tsami, ba ta riƙe albarka. Sai manomi ya tono wannan yumɓu daga ƙasa, ya baza a gona, tsamin ya karye, amfani ya ƙaru. An yi wannan aiki sosai a ƙarni na 18 da farkon na 19, kuma a Cheshire da Lancashire ma ramukan suna nan birjik. Dalilin sa ramin a tsakiya shi ne amalanke ya isa kowace kusurwa ba tare da doguwar tafiya ba.

Siffar ramin za ta gaya miki gaskiya. Ki zagaya shi: za ki ga gefe ɗaya a tsaye yake kamar bango, inda aka ci ƙasar da diga, ɗaya gefen kuma gangare ne mai sauƙi inda doki ke ja da kaya ya fito. Ramin bom kuwa a kewaye yake, gefensa duk ɗaya, ba shi da hanyar fita. Na bakin hanya kuma labarinsu daban. Wata doka ta 1555 ta ɗora wa kowace gunduma ta coci gyaran hanyoyinta, don haka aka riƙa ware ɗan fili inda jama'ar gari za su ɗebi tsakuwa.

Tunda a Norfolk kike, kin faɗa gidan abin. Ki je Grime's Graves kusa da Thetford: fili ne mai ramuka fiye da 400, sun lotsa kusa da juna. Kimanin shekara 4,500 da suka wuce mutane suka haƙa su da ƙahon barewa, wasu har zurfin mita 13, suna neman baƙin dutsen ƙyastu na yin gatari. Tafkunan nan na Broads kuma, da ake yawo a kansu cikin kwale-kwale, an daɗe ana ɗauka halittar Allah ne kawai. Sai a shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta lura bakinsu a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa. Ashe ramuka ne da aka haƙi baƙar ƙasar fadama ana busarwa ana hura wuta, ruwa ya mamaye su wajen ƙarni na 14.

Wanda ya fi kama mini hankali shi ne na Barnack, kusa da Peterborough. Daga nan aka sari dutsen da aka gina manyan majami'un Peterborough da Ely, kuma wajen shekarar 1500 dutsen mai kyau ya ƙare. Da yake tudu da kwari ne, garma ba ta iya shiga ba, sai ciyayi da furannin da noma ya kora daga sauran wurare suka samu mafaka. Yau wuri ne da hukuma ke karewa.

Shi ya sa cike irin waɗannan ramuka yake ci mini rai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da manyan taraktoci suka shigo, an binne da yawa don a faɗaɗa gona. Masu bincike daga wata jami'a a Landan sun sake tone wasu a Norfolk, sai ga ƙwayoyin irin tsirran ruwa da suka fi shekara ɗari a binne sun tsiro. Ramin da aka bari kuwa yana ɗauke da kwaɗi da mazari da tsuntsaye a tsakiyar gonar da babu komai sai alkama.

Idan kina son tabbatar da na kusa da ke, ki nemi tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, na ƙarshen ƙarni na 19. Ɗakin karatu na ƙasa na Scotland ya sa su a intanet kyauta, har da na Ingila, kuma sukan rubuta ko ramin tsakuwa ne ko na alli. In ramin yana kan taswirar wancan lokaci, maganar bom ta faɗi. Sai dai ki tsaya kan hanyar ƙafa da doka ta yarda a bi, ko ki nemi izinin mai gona, kuma kada ki taka cikin mai ruwa, don laka ce mai zurfi a ƙasansa.