Amsa kan Bajamushe mai shagon taba a New York

Malam, ka tambayi yadda Bajamushe baƙo ya iya riƙe iyalinsa da sayar da taba a New York ta ƙarni na 19. Da yawa daga cikin Jamusawa baƙi sun zauna ne a unguwar Lower East Side, wadda ake kira Ƙaramar Jamus saboda yawan Jamusawan da suka cika ta daga shekarun 1840.

Shagon irin wannan mutum ƙarami ne, kanta a gaba, teburin aiki a ɗakin baya. Matarsa da 'ya'yansa ne suke cire jijiyar ganyen taba bayan an jiƙa shi, shi kuma ya zauna da wuƙarsa yana naɗe sigari mai kauri ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan ya jera su a akwatin katako.

Abin da ya karya shi shi ne zubin katako, wato katakon da ake matse ganyen taba a cikinsa ya fito da siffar sigari, wanda ya yaɗu a shekarun 1870, domin ya bai wa manyan 'yan kasuwa damar ɗaukar marasa ƙwarewa aiki a gidajen haya da ɗan kuɗi kaɗan. An haramta wannan aikin naɗa sigari a gidajen haya a 1884, amma kotun jihar ta soke dokar a 1885, kuma a ganina ƙananan masu shaguna ne suka fi jin jiki.