Tun lokacin kullen korona barci ya ƙaurace mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a Kano. Mahaifina ya rasu a watan azumin 2020, lokacin da aka kulle gari saboda cutar korona, kuma ban sami ganin gawarsa ba, balle zaman makoki. Tun daga nan barcina bai daidaita ba, domin nakan farka wajen ƙarfe biyu na dare gabana yana faɗuwa, in kasa komawa har a kira assalatu. Wasu sun ce ƙarancin tawakkali ne, wata maƙwabciya kuma ta ce in sayi maganin barci a kemis. Annoba ta wuce, me ya sa ni ban warke ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Ban yarda cewa ƙarancin tawakkali ne ke damunki ba, kuma ina roƙon masu faɗin haka su daina, domin suna ƙara wa mai ciwo nauyi ne kawai. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar, saboda haka ba ke kaɗai ba ce.

Ki tuna yadda watan Afrilun 2020 ya kasance a Kano. An rufe kasuwanni da masallatai, mutane suka yi tarawihi a gida, labarin rasuwar dattawa kuma yana ta shigowa ta waya. Idan mutum ya daɗe cikin tsoro irin wannan, jikinsa yakan riƙa sakin sinadaran da ke sa shi zama cikin shiri kamar wanda ake bi, zuciya tana bugawa da sauri, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙi sakin jiki ko da dare ya raba. Bayan makonni ana haka, ƙwaƙwalwar takan haɗa shimfiɗa da fargaba, ta yadda ko abin tsoron ya gushe, kwanciya kaɗai ta isa ta tayar da hankali. A wurinki akwai ƙarin abu guda, wato an hana ki zaman makoki, inda dangi ke taruwa a yi kuka tare a yi addu'a, kuma baƙin cikin da bai sami wannan mafita ba yakan daɗe a zuciya.

Likitoci suna ɗaukar rashin barci a matsayin ciwo mai buƙatar magani idan ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, ke kuwa kin wuce wannan da nisa. Ki tsayar da lokacin tashi guda kowace rana, ki taƙaita barcin rana, ki bar goro da shayi da kofi tun daga azahar, ki kuma ajiye waya kafin ki kwanta. Idan kin farka barci ya ƙi zuwa, kada ki zauna kina juyi a gado, ki tashi ki yi zikiri ko karatu cikin haske kaɗan har sai kin ji barci ya dawo.

Maganin kemis kuwa ban amince da shi ba, domin ƙwayoyi irin su Valium suna kama jiki, mutum ya wayi gari ba ya iya runtsawa sai da su. Ki je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ki faɗa wa likita batun rasuwar Baba kamar yadda kika rubuto mini, domin akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre wanda ke gyara barci ba tare da ƙwaya ba. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki sanar da maigidanki ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ku tafi asibiti a ranar.