Yadda ake ƙidayar tsuntsaye a tafkin Dagona na jihar Yobe

Yarona, jiya da muke dawowa daga bakin tafki ka tambaye ni yadda mutum zai iya cewa ya ƙirga agwagin kirinjijiya dubu uku alhali ba sa tsayawa wuri ɗaya, har ka ce ko aikin namu kintace ne kawai. Na ji daɗin tambayar, domin ni ma na yi wa maigidana irinta lokacin da nake riƙe masa littafi.

Ƙidaya tana farawa ne tun kafin ka ɗaga madubin hangen nesa. Muna fita da zarar an idar da sallar asuba saboda a lokacin masunta ba su cika ruwa da kwalekwale ba, iskar hunturu kuma ba ta tayar da ƙura ba. Ka tsaya inda rana za ta kasance a bayanka, domin idan ka fuskance ta, da dinya da kirinjijiya duk baƙi za ka gan su. Kada ka sa farar riga, kuma ka kiyayi zakaran ƙeƙuwa, wanda da ya hango ka zai fasa kuka ya tayar da duk abin da ke bakin ruwa.

Idan tsuntsayen ba su kai ɗari ba, ɗaya bayan ɗaya za ka bi su. Idan sun wuce haka, sai ka yi irin ta mai awon gero, wanda ba ya ƙirga ƙwaya, mudu yake cikawa. Ka ƙirga goma a gefen garken da natsuwa, ka lura da faɗin wurin da suka ci a ruwa, sannan ka riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran har ka kai ɗari, ɗarin nan kuma ita ce mudunka na auna dubbai. Sai dai ka tuna cewa tsakiyar garke ta fi gefensa cunkoso, wasu kuma suna ɓoye a bayan wasu, shi ya sa sabon hannu ya fi yawan rage adadi a kan ya ƙara. Ka auna sau biyu, daga dama zuwa hagu, sannan ka dawo, kowane iri da lissafinsa. Ƙaramar agwagwar nan da ke ƙetaro Sahara daga Turai, wadda namijinta ke da farin zane a saman ido, takan cakuɗa da na gida, saboda haka sai ka tsame ta daban.

Wata shekara na rubuta garke ɗaya sau biyu. Wani masunci ya tayar da su daga gabas, suka zagaya ta bayan kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, suka sauka a yamma, ni kuwa na iske su can na ƙara. Lokacin da na rubuta a gefen littafi ne ya tona kuskuren da muka zauna gwada lissafi da abokin aikina. Tun daga ranar ba na barin rubuta lokaci da inda garke ya nufa idan ya tashi.

Abin da ya sa nake tsanantawa shi ne, lissafin da muke yi kowane watan Janairu ana haɗa shi da na ƙasashe da dama, kuma da shi ake gane halin da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda tafkin nan yake, take ciki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Idan ka je wurin da bara ya cika da dinya ka tarar babu ko ɗaya, ka rubuta sifili, kada ka bar gurbin fanko, kada kuma ka ƙara don baƙo ya ji daɗi.

Gobe in Allah ya kai mu kai za ka ɗauki ɓangaren gabas, ni in tsaya nesa da kai in yi nawa, sai mu gwada littattafanmu da hantsi. Ka zo da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu idan takarda ta sha raɓa.