Tambaya da Amsa: Rubutun kan kwamfuta daban, na kan takarda daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsara takarda mai shafi huɗu a Word, komai ya zauna daram. Da na kai fayil ɗin wata kwamfutar aka buga, sai ya koma shafi biyar, salon haruffan ya canza, ƙ da ɗ da ɓ kuma suka fito kamar 'yan akwatuna. Laifin firinta ne? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsala biyu ce ta haɗe miki, kowace da maganinta.

Ƙaruwar shafi daga kwamfuta ta biyu ta taso. Fayil ɗin Word sunan salon haruffa kawai yake ɗauka, ba haruffan kansu ba. Idan kin rubuta da salon Calibri, can kuma babu shi, sai Word ya ɗauko wani ya maye gurbinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Faɗin haruffan ba ɗaya ba ne, don haka kalma ɗaya ta zame daga ƙarshen layi, ta tura ta gaba, a haka har shafi ya cika ya tumbatsa. Kafin ki fitar da fayil, ki shiga File, sai Options, sai Save, ki sa alama a "Embed fonts in the file" don a cusa haruffan a cikin fayil ɗin, ki cire ta "Do not embed common system fonts". Fayil ɗin zai ƙara nauyi, kuma akwai haruffan da lasisinsu ya hana a cusa su.

Akwatunan nan kuwa wani lokaci aikin firinta ne. Firintocin ofis masu tsarin bugu na PostScript suna zuwa da salo 35 ko fiye a cikinsu, har da Helvetica da Times, amma babu haruffa masu lanƙwasa a ciki. Don sauri, direban firinta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, yakan sa Helvetica a madadin salon Arial. A Windows ki buɗe Printing Preferences, sai Advanced, ki nemi "TrueType Font", ki mayar da shi "Download as Softfont". Nan take firinta za ta karɓi haruffan kwamfuta maimakon nata. Idan akwatin yana nan har a fuskar kwamfuta, to salon ne ba shi da harafin. Ki koma Charis SIL ko Noto Sans.

Mu dai abin da muka fi amincewa da shi shi ne PDF. Ki adana takardar a matsayin PDF a kan kwamfutar da kika yi rubutun, ki buɗe ta da Adobe Reader, ki danna Ctrl da D, ki duba ɓangaren Fonts. Kowane suna ya kamata ki ga "Embedded" a gefensa. Wajen bugawa ki zaɓi "Actual size", ki tabbatar girman takarda A4 ne a fayil ɗin da kuma a firinta, don takarda mai girman Letter ta fi A4 gajarta da milimita 18.

In kuma kin ga haruffa sun fi siranta a takarda, wannan ba aibi ba ne. Fuskar kwamfuta ɗigo 96 take lissafawa a inci guda, firinta kuwa 600 ko fiye.